Hemogulobin da Naɗewar Furotin

Hemogulobin shi ne furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda yake ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta ga sassan jiki, kuma shi ne yake ba jini launinsa ja. A cikin jar ƙwayar jini ɗaya tak akwai hemogulobin kimanin miliyan 270, kowanne yana iya riƙe ƙwayar oksijin huɗu. Masana sinadaran jikin halittu sun daɗe suna kafa misali da shi, domin da wuya a samu wani furotin da ya fi shi nuna cewa aikin furotin ya rataya ne a kan siffar da ya naɗe ya ɗauka.

Yadda furotin yake naɗewa

Kowane furotin yana farawa ne a matsayin doguwar sarƙa ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, an jera su bisa tsarin da ƙwayoyin gado suka tanada. Sarƙar a miƙe ba ta aikin komai, kamar yadda yadin rawani yake zama ƙyalle kawai kafin a naɗa shi, sai dai sau da yawa furotin ba ya jiran mai naɗi, shi yake naɗe kansa, wani ma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Christian Anfinsen, masani ɗan Amurka, ya warware wani ƙaramin furotin da sinadarai har ya daina aiki, da ya janye sinadaran sai furotin ɗin ya koma siffarsa ta farko ya ci gaba da aikinsa. Wannan ya nuna cewa umarnin naɗin yana cikin jerin amino asid ɗin kansa, kuma a kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1972.

Babban abin da ke tura naɗin shi ne ruwa. Wasu amino asid ba sa jituwa da ruwa, don haka suke tattaruwa su ɓuya a tsakiya, kamar yadda ɗigon man gyaɗa yake haɗe kansa wuri guda a kwanon ruwa, masu jituwa da ruwa kuma su tsaya a waje.

Ƙarfin naɗin

Abin mamaki shi ne naɗin ba shi da wani ƙarfi na a zo a gani. Tazarar makamashi tsakanin naɗaɗɗen furotin da warwararre ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa zafi ko tsami suke iya kwance shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi ya ga wannan da idonsa: ruwan ƙwai mai shara-shara yana taɓa kasko sai ya zama fari fat ya daskare, domin furotin ɗinsa sun warware sun sarƙe da juna, kuma ba sa komawa yadda suke. Haka nama yake sauya launi daga ja zuwa ruwan ƙasa a kan wayar mai balangu, saboda mayogulobin, ɗan'uwan hemogulobin da ke ajiye oksijin a cikin tsoka, ya lalace da zafi. Jan ruwan da ke tsatsowa daga ɗanyen nama ma, wanda mutane da yawa suke ɗauka jini ne, akasarinsa ruwa ne da mayogulobin. Wannan rashin tauri bai kamata a ɗauke shi aibi ba, domin furotin da ya ƙame ƙam ba zai iya motsin da riƙon oksijin yake buƙata ba.

Riƙon oksijin

John Kendrew ya gano siffar mayogulobin a 1958, Max Perutz kuma ya fitar da ta hemogulobin jim kaɗan bayan haka, dukansu a Kambirij ta Ingila, suka raba kyautar Nobel a 1962. Hemogulobin na baligi sarƙa huɗu ne: alfa biyu masu amino asid 141 kowacce, da beta biyu masu 146. Kowace sarƙa ta naɗe ta bar wani ɗan aljihu da ke riƙe da zobe mai ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiyarsa, kuma a jikin ƙarfen nan oksijin take maƙalewa. Aljihun yana kare ƙarfen daga irin sauyin da ke sa ƙarfe tsatsa, wanda idan ya faru ba ya sake riƙe oksijin.

Sarƙoƙin huɗu ba sa aiki kowacce ita kaɗai. Idan oksijin ta farko ta kama, ƙarfen yakan ɗan gusa ya ja sarƙarsa, dukan furotin ɗin ya juya daga matsattsiyar siffa zuwa sakakkiya, sai kamun ta biyu da ta uku da ta huɗu ya yi sauƙi. Saboda haka jini yana barin huhu a cike kusan kashi 97 cikin 100, ya dawo da kimanin kashi 75 idan mutum yana hutawa, wannan da ya dawo da shi kuma ajiya ce ta lokacin aiki mai nauyi. Christian Bohr na ƙasar Denmak ya bayyana a 1904 cewa yawan iskar kabon dayoksayid yana sa hemogulobin ya saki oksijin, wato yana sauke kayansa ne a inda tsoka ta fi wahala.

Iskar kabon monoksayid tana kama wannan ƙarfe da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma ba ta da wari ko launi. Wannan ne haɗarin kunna janareta a cikin gida, ko shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da tagogi a lokacin hunturu.

Sikila

Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, ta samo asali ne daga sauyin amino asid ɗaya tak. A gurbi na 6 na sarƙar beta, balin, wanda ba ya jituwa da ruwa, ya maye gurbin gulutamik asid. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa matsalar tana jikin hemogulobin ne, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin sauyin a tsakanin 1956 da 1957. Furotin ɗin yana naɗewa daidai kuma yana ɗaukar oksijin, amma da zarar ya sauke ta, balin ɗin da ke waje yakan cusa kansa cikin wani gurbi na maƙwabcinsa don guje wa ruwa, su yi ta haɗuwa su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jinin ta zama kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma dalilin yaɗuwar gadon shi ne kariyar da masu rukunin AS, wato waɗanda suka gaji sauyin daga uwa ko uba kaɗai, suke samu daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai cutar, abin da ya sa jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin rukunin gadon jini. Alamomin cutar ba su cika bayyana ba sai jariri ya kai wajen wata shida, domin kafin nan jininsa yana ɗauke da hemogulobin na ɗan tayi, mai sarƙar gama a maimakon beta, wanda ba ya shiga cikin zaruruwan. Maganin haidiroksiyuriya, wanda ake ba masu sikila a manyan asibitocin Kano irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana aiki ne ta hanyar ƙara yawan wannan hemogulobin na ɗan tayi a jinin majiyyaci.