Dala 100 da kisan Martin Luther King: abin da kotu ta yanke da abin da ba ta yanke ba

Masu cewa gwamnatin Amurka na da hannu a kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, kan kafa hujja da hukuncin wata kotu a Memphis a Disambar 1999. Hukuncin gaskiya ne, amma sai an san irin shari'ar kafin a san nauyinsa.

An harbe King ranar 4 ga Afrilun 1968 a barandar otal ɗin Lorraine da ke Memphis. A Maris ɗin 1969 James Earl Ray ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekara 99. A dokar Amurka, da zarar mutum ya amsa laifi, ya sarayar da haƙƙinsa na a baje shaidu gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Bayan kwana uku Ray ya janye maganarsa, ya ce wani mai suna Raoul ne ya yi amfani da shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Har ya mutu a 1998 ba a sake masa shari'a ba. Kuma doka ba ta wajabta wa mai gabatar da ƙara ya nuna dalilin kisa ba. Ya isa ya nuna wanda ya aikata da kuma cewa da gangan ne. Shi ya sa tambayar ko ƙiyayyar baƙar fata ce, ko kuɗi, ko umarnin wasu manya, ba a taɓa warware ta a kotun laifi ba.

Ta 1999 kuwa ƙarar neman diyya ce. Iyalin King suka kai ƙarar Loyd Jowers, mai gidan abincin Jim's Grill da ke kusa da otal ɗin, wanda a 1993 ya fito a talabijin ya ce an biya shi ya shirya kisan. A shari'ar laifi dole hujja ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. A ta diyya, ya isa ɓangarenka ya ɗan rinjayi na abokin shari'a, ko da da ƙwayar gero ce. Masu yanke hukuncin suka ce akwai haɗin baki har da hukumomin gwamnati, suka ba iyalin dala 100, abin da suka nema ke nan.

A nan ne gizo ke saƙa. Ba a sa wata hukumar gwamnati cikin waɗanda ake ƙara ba, don haka babu wanda ya tashi ya kare ta, kuma lauyan Jowers bai musa yawancin abin da aka faɗa ba. Lauyan iyalin, William Pepper, shi ne dai tsohon lauyan Ray. Shari'ar da kowa ya yarda da kowa ba ta cika tace gaskiya ba. A Yunin 2000 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta ce ba ta sami abin dogaro a labarin Jowers ba, wata ɗaya bayan rasuwarsa.