Juriya: me ake nufi da ita a maganar ɗalibai da ƙwaya?

Duk taron da aka yi kan shaye-shaye a manyan makarantu, sai ka ji masana halayyar ɗan'adam sun ambaci juriya. Abin da suke nufi shi ne mutum ya gamu da abin da zai girgiza shi, kamar faɗuwa jarrabawa ko rasuwar mai biya masa kuɗin makaranta, ya ji zafin abin har cikin ransa, amma ya farfaɗo ya ci gaba da harkokinsa ba tare da ya cutar da kansa ba. Wanda ya cije ya yi gum bai kai nan ba, wani lokaci ma shi ya fi kusa da hallaka.

Ana yawan kafa hujja da aikin masaniyar halayyar ɗan'adam Emmy Werner, wadda ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka a 1955. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rigimar gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun girma lafiya lau. Abin da yawancinsu suka samu shi ne wani babba da ya tsaya musu: kaka, goggo ko malami. Ashe juriya ba a ƙirjin mutum kaɗai take ba, har da waɗanda ke kewaye da shi.

To ina ƙwaya ta shigo? Shan maganin asibiti ba bisa ƙa'ida ba shi ne ka sha wanda likita bai rubuta maka ba, ko ka zarce adadin da ya ce, ko ka sha don wata buƙata daban. A jami'o'in Amurka an fi jin Adderall da Ritalin, magungunan ƙara maida hankali da ke kore barci, wajen masu kwana karatu. A Nijeriya kuwa tiramol ne da kodin. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya kiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin su tiramol ba don jinya ba. A Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani binciken BBC.

Ɗauki ɗalibin da ke da kari-oba biyu, wato darussan da ya faɗi zai sake, jarrabawa saura kwana uku, garin kwaki ya ƙare a loka, kuma yana kunyar kiran gida. Abokin ɗaki ya miƙo masa ƙwayar tiramol ɗaya, wai tana kashe gajiya. Ta kuwa kashe, a daren farko. Sai dai jiki na sabawa, guda ta zama biyu, har a koma mai miligiram 225, alhali hukumar kula da ingancin magunguna ta NAFDAC 50 da 100 ta amince da su. Tiramol mai yawa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Barcin da aka kora kuwa shi ne ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa.

A ganina, kuskure ne a riƙa ce wa irin wannan yaro ya zama namiji kawai. Abin da yake buƙata shi ne malamin da zai saurare shi, da tsarin karatu tun farkon zango, da abokan da za su lura idan ya canza. Idan kuma jiki ya riga ya saba, yankewa farat ɗaya na kawo gumi, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ya sa likita ke rage maganin kaɗan-kaɗan. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri suna karɓar masu wannan matsala.