Waiwaye: Wa ya fara neman a raba addini da gwamnati?

Duk lokacin da aka tayar da maganar raba addini da gwamnati, akan ɗauka rigima ce tsakanin masu addini da waɗanda ba ruwansu da shi. Amma waɗanda suka fara kukan a cire hannun hukuma daga harkar ibada masu ibada ne na ƙin ƙarawa. Ba su da yawa ne kawai, kuma sun sha wuya a hannun addinin da sarki ya ɗaure wa gindi.

A Turai ta ƙarni na 16, bayan Kiristoci sun rabu gida biyu, Katolika da Furotesta, an yi ta zub da jini. Sulhun da aka ƙulla a Augsburg ta Jamus a 1555 bai wuce cewa addinin sarki shi ne addinin talakawansa ba. Wanda bai yarda ba ya tattara nasa-ya-nasa ya bar ƙasar. A Faransa, Sarki Henry na 4 ya yi wa Furotesta lamunin yin ibada a 1598, sai jikansa Louis na 14 ya soke lamunin a 1685, aka rushe majami'unsu, kimanin mutum 200,000 suka tsere. Tsirarun Turai sun koyi darasi daga nan: 'yancin da ya rataya a kan alherin mai mulki, ranar da ya ga dama zai janye abinsa.

Da wannan tsoron aka ƙetare teku. A Virginia, kafin Amurka ta sami 'yancin kai, cocin Ingila ne na hukuma, kowa yana biyan harajin ciyar da limamansa, kuma an riƙa ɗaure masu wa'azin ɗariƙar Baftis saboda ba su da lasisi. Wasunsu suka ci gaba da wa'azi ta tagar kurkuku, jama'a na tsaye a waje suna saurare. Su ne suka mara wa Thomas Jefferson da James Madison baya har aka kafa dokar 'yancin addini ta Virginia a 1786. Gyaran farko ga tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya hana majalisar tarayya kafa addinin ƙasa, ya kuma hana ta tauye wa kowa ibadarsa. Maganar nan da ake yawan jawowa ta "bangon da ya raba coci da gwamnati", a wasiƙar da Jefferson ya aika wa 'yan Baftis na Danbury a 1802 take.

Faransa ta bi wata hanya daban, domin a can cocin Katolika ne ya yi kane-kane a makarantu da siyasa, 'yan jamhuriya kuma suna ganin sa a matsayin abokin sarauta. Suka fara da makarantun gwamnati a 1882, suka ƙarasa da dokar 9 ga Disamba 1905. Sashenta na farko ya lamunce wa kowa 'yancin imani da ibada, na biyu ya ce jamhuriya ba ta san da wani addini a hukumance ba, ba ta biyan limami albashi. Furotesta da Yahudawan ƙasar galibi sun yi maraba da ita.

Sai dai tun daga lokacin aka fara tankaɗe da rairaya wajen wanda dokar za ta hau kansa. Yankin Alsace da Moselle yana hannun Jamus a 1905, da ya dawo ba a ɗora masa dokar ba, har gobe gwamnati ke biyan limaman Katolika da fastoci da malaman Yahudawa a can. A Aljeriya kuwa, wadda Faransa ke ɗauka wani ɓangare na ƙasarta, 'yan mulkin mallaka suka ci gaba da naɗa limaman masallatai suna biyansu, don su san abin da ake faɗa a kan mumbari. Ƙungiyar malaman da Shaihu Abdulhamid Ibn Badis ya jagoranta tun 1931 ita ta riƙa neman a aiwatar da dokar 1905 a kan Musulunci, a sakar wa Musulmi masallatansu da wakafinsu. Malamai ne ke roƙon a raba, gwamnatin da ke tutiyar rabawa tana ƙi.

Turkiyya ma haka. Ranar 3 ga Maris 1924 da aka rushe halifanci, a ranar aka kafa hukumar Diyanet mai kula da masallatai da limamai. An cire Musulunci daga matsayin addinin ƙasa a 1928, aka rubuta tsarin ba-ruwan-gwamnati-da-addini a kundin tsarin mulki a 1937, amma a aikace gwamnati ta sa addini a aljihunta ne. Mabiya Alawiyya (Alevi), tsirarun da tafarkinsu ya bambanta da na Sunni, suna biyan harajin da ake ciyar da limaman Sunni, su kuwa ba a ɗauki wuraren taruwarsu a matsayin wuraren ibada ba. A 1999 aka hana Merve Kavakci, wadda jama'a suka zaɓa, rantsuwar kama aiki a majalisa saboda kallabinta, a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne. Sai a 2013 aka ɗage haramcin sa kallabi ga ma'aikatan gwamnati.

A Indiya ne mahawarar ta fi sarƙewa. Bayan kashe-kashen raba ƙasa na 1947, tsarin mulkin 1950 ya ba kowane addini 'yancin ibada da yaɗa kansa, ya ba tsiraru ikon kafa makarantunsu, aka kuma bar wa Musulmi da Kiristoci dokokinsu na aure da gado. Gwamnati ba ta janye daga addini ba, ta dai yi alkawarin ba za ta fifita wani ba. Abin ya tafi haka har shari'ar Shah Bano, dattijuwa 'yar garin Indore da mijinta lauya ya saka a 1978 bayan shekaru fiye da 40 da aure. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce ya ci gaba da ciyar da ita har bayan idda, bisa dokar da ta shafi kowa. Manyan malamai suka ce an yi wa shari'ar Musulunci kutse. Gwamnatin Rajiv Gandhi, da take tsoron rasa ƙuri'u, ta yi doka a 1986 da ta rage wa hukuncin ƙarfi.

Nan aka ga matsalar da har yanzu ba a warware ba: haƙƙin tsiraru na al'umma ne a dunƙule, ko na mutum ɗaya da ke cikinta? Idan an kare al'ummar, wa zai kare matar? Idan kotu ta kare matar, wa ya ba alƙalan da galibinsu Hindu ne ikon fassara addinin wasu? A ganina ko wanne ɓangare yana da hujjar da ba a iya ture ta cikin sauƙi, amma wanda ya ci ribar rigimar ba ya cikinsu. Jam'iyyar BJP ta masu kishin addinin Hindu ce ta samu abin da take nema, ta ce ga shi nan, rashin fifikon da ake faɗa lallashin Musulmi ne kawai. Ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin Babri a Ayodhya, kimanin mutum 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa doka, amma ta ba da filin a gina wurin bautar Ram, abin bautar Hindu. A shekarar dai aka yi dokar da ta sauƙaƙa zama ɗan ƙasa ga mabiya addinai shida da suka gudo daga Pakistan da Bangladesh da Afganistan, ban da Musulmi.

Kada a ce ƙasar da ta rungumi addini ta tsira. Muhammad Ali Jinnah, jagoran kafa Pakistan, ya shaida wa majalisar ƙasar ranar 11 ga Agusta 1947 cewa addinin mutum ba ruwan gwamnati da shi. Amma daga baya ƙasar ta rungumi addini, kuma a 2011 'yan bindiga suka harbe Shahbaz Bhatti, Kirista ministan harkokin tsiraru, saboda sukar da yake yi wa yadda ake amfani da dokar ɓatanci. Ingila kuma ta ƙi shiga kowane layi: sarki ne shugaban coci, manyan limamai 26 na da kujeru a majalisar dattawa, amma 'yar sanda na iya sa hijabi a bakin aiki.

A Faransa reshe ya juye da mujiya ne daga 1989, lokacin da aka dakatar da 'yan mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda ɗankwali. Babbar kotun harkokin gwamnati ta ce sa alamar addini shi kaɗai bai saɓa wa tsarin ƙasar ba. Da ma malami da ma'aikaci ne aka wajabta wa ɓoye addininsu, tunda su ke wakiltar hukuma. Dokar 2004 ta mayar da nauyin kan ɗalibai, ta haramta hijabi da hular Yahudawa da babban gicciye, rawanin 'yan Sikh ma ya shiga ciki. Kwamitin Bernard Stasi da ya ba da shawarar dokar ya kuma nemi a ba da hutun makaranta ranar Babbar Sallah da ranar azumin Yahudawa ta Yom Kippur. Aka ɗauki hanin, aka bar hutun, alhali shida daga cikin ranakun hutu 11 na ƙasar bukukuwan Kirista ne, waɗanda ake kira al'ada. Niƙabi ya bi a 2010 da tarar Yuro 150, abaya a makarantu a 2023.

Dokokin duniya ba su raba gardamar ba. Sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta 1948 ya haɗa da 'yancin sauya addini, abin da ya sa, tare da wasu dalilai, Saudiyya ta ƙaurace wa ƙuri'ar amincewa da sanarwar. Sashe na 27 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ya tanadi haƙƙin tsiraru, Faransa ta shiga yarjejeniyar bisa sharaɗin cewa sashen bai shafe ta ba, domin tsarin mulkinta bai san bambanci tsakanin 'yan ƙasa ba. Kan niƙabi kuwa, Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta goyi bayan Faransa a 2014, da hujjar kare zaman tare. A 2018 kwamitin haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba ƙorafin wasu mata biyu da aka ci tararsu, ya ce dokar ta tauye musu 'yancin addini. Faransa ba ta sauya dokar ba.