Waiwaye: yadda wani nau'in kansar ƙwan mace ya rabu gida biyu

A Yamai, idan aka yi wa mace aiki aka ciro ƙari daga ma'ajiyar ƙwanta, abu guda dangi ke ƙagarar ji: kansa ce ko ba kansa ba? Amma takardar da ke fitowa daga ɗakin binciken nama, wanda ma'aikata ke kira anapat, tana ɗauke da abin da ya kai wannan nauyi, wato wace irin kansa ce. Akwai nau'in da ake kira "clear cell" a Turance, wanda ƙwayoyinsa ke fitowa garai-garai a madubin bincike, kamar an ɗauraye cikinsu. Sukarin da suka tara ne ke wankewa wajen shirya naman.

An daɗe ana yi wa nau'in nan mummunar fahimta. A 1939 wani likitan binciken nama, Walter Schiller, ya ɗauka daga ragowar ƙodar tayi yake tasowa. Sai a 1967 wasu masana biyu, Scully da Barlow, suka nuna alaƙarsa da endometiriyosis, cutar da ke sa naman cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, wadda ke sa wasu mata murƙususu duk wata ana ce musu su yi haƙuri. A 1973 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware shi da sunansa.

Ware shi ɗin bai sauya magani ba. Ƙarin ruwan maganin kansa mai sinadarin filatinam, wanda ke cin nau'in da ya fi yawa, bai cika cin wannan ba. Japan ta fi jin jiki: kusan ɗaya cikin huɗu na kansar ƙwan mace a can wannan nau'in ne, alhali a Turai da Amurka bai cika wuce ɗaya cikin goma ba.

A 2010 aka gano cewa ƙwayar gado mai suna ARID1A ta lalace a cikin ƙarin kusan rabin masu wannan kansar. Daga nan masana suka koma duba waɗanne ƙwayoyin gado ke aiki a cikin ƙarin, waɗanne suka yi shiru. A 2019 masu bincike a Singafo suka raba nau'in gida biyu bisa wannan, suka kira su EpiCC da MesCC. EpiCC ya fi zama wuri guda, kuma a nan aka fi samun lalacewar dangin ARID1A. MesCC ya fi yaɗuwa, an fi kama shi a makare, ya fi saurin dawowa, sai dai ƙwayoyin garkuwar jiki sun fi yawa a cikinsa. Wannan ne ya sa ake hasashen maganin zaburar da garkuwa zai fi yi masa amfani, kuma a ganina nan ne darajar aikin take.

Rabon bai riga ya zama ma'aunin ba da magani ba. A Yamai ma sai a 2021 aka fara gasa kansa da haske, wato radiyoterapi, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa. Amma sunan nau'in kaɗai, idan ya fito a takardar anapat, ya isa ya sa likita ya riƙa duba ƙafar maras lafiya ko ta kumbura, domin wannan kansar ta fi ƴan uwanta haddasa daskarewar jini a jijiya.