Maganin amai ba ƙaramin abu ba ne ga mai cutar Parkinson

An daɗe ana ɗauka cewa maganin amai, tari ko ƙarin jini ba ruwansa da maganin Parkinson, cutar da ke sa rawar hannu da sandarewar jiki. Kuskure ne babba.

Cutar tana tasowa ne daga ƙarancin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa, maganin levodopa kuma shi yake cike giɓin. To metoclopramide da prochlorperazine, da ake bayarwa don tashin zuciya, toshe hanyar dopamine ɗin suke yi. Haka ma haloperidol, maganin taɓin hankali. Sai jiki ya sandare, rawar hannu ta ƙaru, tafiya ta gagara, 'yan uwa su ce ai ciwo ne ya tsananta, alhali ƙwayar da aka ƙara ce. Don tashin zuciya, likitoci kan zaɓi domperidone saboda ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, amma shi ma yana iya taɓa bugun zuciya, don haka sai likita ya duba tukuna.

Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana kama levodopa a hanji ta hana jiki tsotse shi. A raba su da aƙalla awa 2.

Mai shan selegiline ko rasagiline, waɗanda su ma magungunan Parkinson ne, ya guji magungunan rage raɗaɗi pethidine da tramadol, da maganin tari mai dextromethorphan, domin haɗuwarsu na iya jawo zazzaɓi, ruɗewa da karkarwa mai haɗari.

In matsala ta bayyana, kada a dakatar da levodopa lokaci guda. Hakan na iya kawo sandarewa da zazzaɓi mai kisa. A kai wa likita dukkan kwalayen magungunan ya duba.