Mene ne babban baƙi a Turanci, kuma ina ake sa shi?

Babban baƙi shi ne harafin da aka rubuta da babbar siffarsa, A maimakon a, G maimakon g. Shi malaman Turanci ke kira capital letter, shi kuma ake nufi idan fom ɗin banki ya ce a cike shi da block letters. Haruffan Turanci 26 ne, kowanne da siffa biyu, amma furucin ɗaya ne. Kunne ba ya jin babban baƙi, aikinsa na ido ne kawai.

Wanda ya fara da karatun allo ya san ana iya rubutu ba tare da shi ba. Larabci da ajami ba su da babba ba su da ƙarami, harafi yana sauya kama ne bisa inda ya faɗo a kalma. Romawa kuwa da manya zalla suke sassaƙa rubutunsu a dutse, ƙananan daga baya suka fito daga hannun masu kwafar littattafai. Da aikin ɗab'i ya zo, sai masu jera haruffan dalma suka riƙa ajiye manya a akwatin sama, ƙanana a na ƙasa. Daga nan aka samo upper case da lower case da kwamfuta ke tambaya in za ka ƙirƙiri kalmar sirri.

Aikinsa na farko bai da wuya: buɗe jimla. Jimlar Turanci tana buƙatar wanda ake magana a kansa da kuma aikatau, ta fara da babban baƙi, ta ƙare da aya ko alamar tambaya ko ta motsin rai. Bayan waƙafi ba a ɗaga harafi, domin magana ba ta ƙare ba.

Na biyu shi ne sunan yanka: Amina, Zaria, Kufena, Nigeria. Ranaku da watanni sun shiga ciki, Friday da August, amma lokutan shekara ba su shiga ba, don haka harmattan da rainy season ƙanana ne. Sunan harshe da na ƙabila da na addini ana ɗaga su, shi ya sa a jerin darussa za ka ga English da Hausa da babba, chemistry da ƙarami. Sai wakilin sunan nan I, wato ni, wanda babba ne duk inda ya faɗo, ko a tsakiyar jimla.

Inda muka fi tuntuɓe, a ganina, wani wuri ne daban. Mu mutane ne masu ladabi, sai muka mai da babban baƙi rawanin girmamawa, duk wanda muke jin nauyinsa mu naɗa masa. Ka duba takardun ɗaliban da ke zuwa lesin ɗin yamma a Samaru ko Tudun Wada, za ka ga irin wannan: My Father is a Lecturer in the University. Kuskure uku ke nan a jimla guda. In malami ya zagaye su da jan biro, sai ka ji ɗaliba ta ce, "Malam, ai baban namu ne, ya za a yi in rubuta shi da ƙarami?" Amsar ita ce Turanci ba ya tambayar ko mutum babba ne, yana tambayar ko kalmar suna ce ta abu guda tak. Father kowa na da nasa, lecturer dubbai ne, university kuma suna da yawa. Amma jami'ar da aka buɗe a 1962, Ahmadu Bello University, guda ce, don haka kalmomin uku duk ana ɗaga su. Haka an emir da ƙarami, Emir of Zazzau da manya, ban da of ɗin tsakiya. Haka college da Barewa College. Haka north in kana nuna wa direba hanya, da Northern Nigeria in yankin kake nufi. (Jamusawa su kowane suna ɗagawa suke yi, na yanka da gama-gari, amma wannan dokarsu ce.)

Wani lokaci ma'anar ce ke juyewa ɗungurungum. Turkey ƙasar Turkiyya ce, turkey talotalo. March watan Maris, march maci irin na sojoji. May Mayu ne, may kuwa ta mai yiwuwa ce.

Masu rubuta saƙon WhatsApp da manya tun daga farko har ƙarshe su sani, mai karatu yana ɗauka tsawa ake daka masa. Masu rubuta komai da ƙanana kuwa, tsakanin abokai babu laifi, matsalar ita ce hannu yana sabawa. A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai makin da aka ware wa tsabtar rubutu a insha'i, kuma daga cikinsa ake zaftare kuskuren babban baƙi, tare da na aya da na rubutun kalma. A wasiƙar neman aiki ma ana gani: Dear Sir duka biyun da babba, amma a Yours faithfully Y kaɗai ake ɗagawa, f ɗin ƙarami ne.