Jirgin Sama Mai Jiki Haɗe da Fiffike

Jirgin sama mai jiki haɗe da fiffike, wanda injiniyoyi ke taƙaita sunanshi da BWB, salon ƙira ne da ba ka gane inda gangar jiki ta ƙare fiffike ya soma, faɗi ne kawai kaman shirwa ta buɗe fukafukai. Jiragen da munka saba gani a filin jirgin Sultan Abubakar III nan Sakkwato, har masu jigilar alhazai, dogon bututu ne anka liƙa ma fukafukai da wutsiya, kuma bututun nan kusan bai taimakawa wajen ɗaga jirgi, kaya ne a kan fukafukai, ga iska na gogarshi tana ja da shi baya. A wanga salo jikin kanshi na da siffar fiffike, shi ma yana ɗagawa, gogayya da iska ta ragu, mai ya ragu. Injin ma galibi a bisa ake ɗora shi ta baya, jikin ya tare ƙara kar ta sauko ma mutanen gari.

NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da kamfanin ƙera jirage na McDonnell Douglas sunka ɗauki aikin da gaske a shekarun 1990. A 2007 ƙaramin samfuri marar matuƙi, X-48B na Boeing, ya tashi a Kalifoniya. Airbus ya nuna nashi, MAVERIC, a Singafo a 2020, faɗinshi mita 3.2, sunka ce zai iya rage shan mai har kashi 20 cikin 100.

To mi ya hana a cika shi da fasinjoji? Babbar matsalar iskar da ake cusawa cikin jirgi ce don mutane su yi numfashi can sama, bututu zagayayye na jure matsinta cikin sauƙi, amma ɗaki mai faɗi sai an ƙara mishi ƙarfi, ƙarfin kuwa nauyi ne da ke cinye ribar. Ga ƙarancin taga, ga wanda anka zaunar can gefe ya fi jin lilo in jirgi ya karkata, ga doka ta ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, sannan rashin wutsiya irin ta gargajiya ya sa dole kwamfuta ta riƙe daidaitonshi.

Shi ya sa a ganina ɗaukar kaya da zuba ma jiragen yaƙi mai a sama zai fara. A 2023 rundunar sojin saman Amurka ta ba kamfanin JetZero kwangilar dala miliyan 235 ya ƙera cikakken samfuri, sunka sa 2027 a matsayin shekarar tashin farko.